Injin gudu ko ƙarfen ɗagawa: da wanne zan fara a gida?

Tambaya: Malam, shekarata 43, aikina na zama ne gaban kwamfuta tun safe har yamma. Tumbi ya fito, likita kuma ya ce jinina ya fara hawa, in nemi motsa jiki. Ina da ɗaki guda da ba a amfani da shi, tsawonsa mita uku da rabi, faɗinsa mita uku. Na yi niyyar sayen injin gudu da babbar na'urar nan mai igiyoyi da ake yin komai a kanta. Uwargida ma tana so ta riƙa amfani da kayan, kuma muna da yara ƙanana biyu. Gwiwata ta dama takan yi ciwo idan ina hawa bene. Da wanne ya kamata in fara?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ƙara lafiya, ya kuma saka wa likitan nan da alheri da ya faɗa maka gaskiya tun abin bai yi nisa ba. Na ji daɗin tambayarka, domin ka kawo duk abin da mai ba da shawara yake buƙatar ji: shekaru, irin aiki, girman ɗaki, gwiwa, yara, da kuma cewa ku biyu ne za ku yi amfani da kayan. Yawancin masu zuwa wurina sukan ce kawai "wane inji ya fi kyau", alhali kuwa inji ba ya kyau ko muni sai an san jikin da zai hau shi da ɗakin da za a ajiye shi.

Shawarata ita ce kada ka sayi ko ɗaya daga cikin biyun nan yanzu. Ka fara da keken motsa jiki, da dambel guda biyu, wato gajerun ƙarafan da ake ɗagawa da hannu ɗaya, irin waɗanda ake ƙara musu nauyi ana ragewa, da benci mai ƙwari, da shimfiɗar roba a ƙasa. Na san ba wannan ka so ji ba, tunda ka riga ka hango ɗakin a zuciyarka da manyan injuna a ciki, don haka bari in bi da kai dalilan.

Jikinka aiki iri biyu yake nema. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce babban mutum yana buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, wato irin wanda numfashi zai ɗaga amma kana iya magana da na kusa da kai, ko kuwa minti 75 zuwa 150 na mai tsanani. Sannan ta ƙara da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, wanda zai taɓa manyan tsokokin jiki gaba ɗaya. Na farkon kowa ya san shi, shi ne yake horar da zuciya da huhu, kuma ga mai hawan jini yakan sauke lambar sama ta awon jini da kimanin maki 5 zuwa 8 idan aka dage. Na biyun shi ake yawan mantawa, kuma a shekarunka ba abin wasa ba ne. Daga shekara talatin zuwa sama, mutumin da ba ya wahalar da tsokarsa yana asarar kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari na tsokar a kowace shekara goma. Tsokar nan ita ke janye mafi yawan sukarin da ke yawo a jini bayan an ci abinci, ita ke riƙe da gadon baya a zaman ofis, kuma tsokar cinya ita ce mai tsaron gwiwar nan taka. Duk abin da za ka saya, ka auna shi da wannan: a cikin ayyukan nan biyu wanne zai yi mini, kuma zai ci gaba da yi mini shi nan da shekara biyu?

Kafin komai, ka koma wurin likitanka ka gaya masa cewa za ka fara ɗaga nauyi, ya duba ko jinin yana inda za a iya farawa. A duba gwiwar kuma, a san ko raunin tsoka ne ko wani abu ne a cikin gaɓar. Idan ka fara, kada ka riƙe numfashi yayin ɗagawa, domin riƙe shi yana harba jini sama nan take. Ka fitar da iska a lokacin da kake turawa ko ja. Ciwon ƙirji, jiri, ko sarƙewar numfashi da ba ka saba ji ba, ka tsaya nan take ka nemi likita.

Maganar injin gudu kuwa, ɗakinka ya riga ya amsa ta. Ɗauki tef ɗin awo ka gani. Injin da ya isa a yi gudu a kansa tsawonsa yakan kai kusan mita biyu, domin bel ɗin da ake takawa kaɗai yana buƙatar kimanin santimita 140 zuwa 150 a tsawo da wajen 50 a faɗi, in ba haka ba mai dogon taku zai riƙa tsoron zamewa ta baya. Masu ƙera shi kuma suna neman a bar fili kimanin mita biyu a bayansa babu komai, da rabin mita a kowane gefe. Dalilin filin bayan nan shi ne, wanda ya yi tuntuɓe a kan bel mai gudu baya ake wurga shi, idan kuwa bango na nan kusa sai ya maƙale tsakanin bangon da bel ɗin da bai daina juyawa ba, ya goge masa fata. Mita biyu da mita biyu sun zama huɗu, ɗakinka kuwa uku da rabi ne. Ko an lanƙwasa injin an jingina shi bayan an gama, a lokacin aiki dai filin nan bai samu ba.

Ga kuma yara, kuma a nan nake so ka saurare ni da kyau. A watan Mayun 2021 kamfanin Peloton na Amurka ya janye kimanin injuna 125,000 na samfurin Tread+ daga hannun jama'a, bayan wani yaro ya rasu kuma an samu rahotannin gomman mutane, yara da yawa a cikinsu, da injin ya ja zuwa ƙarƙashinsa. Wannan samfuri ɗaya ne, amma haɗarin bel mai juyawa ga ƙaramin hannu yana tattare da kowane injin gudu. Kai kana fuskantar gaba, kunnenka da abin sauraro, yaro ya rarrafo ta baya ba ka gan shi ba. Ban ce mai yara ba zai taɓa mallakar injin gudu ba, amma sai da ɗaki mai makulli, da cire makullin tsaro na injin a ɓoye shi duk lokacin da aka sauka. Idan aka haɗa wannan da gwiwarka, wadda a kowane takun gudu za ta karɓi nauyin jikinka ninki biyu zuwa uku, ban ga dalilin da zai sa injin nan ya zama abin farko ba. In wata rana ka koma wuri mai faɗi kana son sa, ka duba ƙarfin injinsa na aiki a jere, ba lambar ƙololuwa da ake bugawa da manyan haruffa a kwali ba. Mai gudu yana buƙatar ƙarfin doki, wato ma'aunin ƙarfin inji, wajen biyu da rabi zuwa uku na aiki a jere, mai tafiya kawai ƙasa da haka ya ishe shi.

Keke shi ya dace da kai. Ba ya cin fili fiye da ƙaramin tebur, nauyinka yana kan sirdi ba kan gwiwa ba, kuma da yawa ba sa buƙatar a jona su da wuta. Ka nemi wanda maganaɗisu ke riƙe tayarsa, domin ba ya ƙara kuma ba shi da birkin da zai cinye. Irin wanda ƙyalle ko fata ke matse tayar yana aiki, amma yana da sauti kuma abin matsewar yana ƙarewa. Ka duba iyakar nauyin da aka rubuta yana ɗauka, ya zama ya zarce naka da tazara. Abu mafi muhimmanci shi ne sirdi ya zama yana hawa yana sauka, yana matsawa gaba da baya, har ya dace da kai ya kuma dace da uwargida, don haka ku je tare ku hau kafin a biya. Awon tsayin sirdi ba wuya: zauna, ɗora diddigenka a kan feda, ka tura ta can ƙasa, ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkata ba. Idan ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar, za ka ga gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan, to nan ne daidai. Na sha ganin mutum ya ce keke yana sa masa ciwon gwiwa, in je in tarar sirdin yana ƙasa kamar kujerar tsuguno, a ɗaga shi da faɗin yatsu huɗu ciwon ya tafi. In akwai ciwon baya, akwai keke mai majingina wanda fedarsa ke gaba, ya fi sauƙin hawa amma ya fi cin wuri.

Injin tuƙin kwale-kwale ma abu ne mai kyau, yana aiki da ƙafafu da baya da hannuwa a lokaci guda. Na kamfanin Concept2, wanda ya fara fitar da irinsa a 1981, tsawonsa wajen mita 2.4 ne, zai shiga ɗakinka kuma ana raba shi biyu a ajiye. Sai dai yana lanƙwasa gwiwa sosai kuma yana buƙatar a koya, don haka ka bar shi sai an duba gwiwar. Tsallen igiya ma haka, ka jinkirta. Kuma kada ka raina tafiyar ƙafa da sauri a waje. Tana shiga lissafin mintunan nan 150 kamar yadda keke yake shiga.

Yanzu ga inda nake so in daɗe, wato maganar nauyi, domin a nan ne kuɗin mutane ya fi salwanta. Girkawa suna da labarin wani ɗan kokawa, Milo na Kroton, wanda ya rayu a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa kuma ya ci kokawa a gasar Olamfik sau shida. An ce ya ɗauki maraƙi a kafaɗa tun yana jariri, kullum sai ya ɗauke shi, maraƙi na girma ƙarfinsa na ƙaruwa, har ya wayi gari yana ɗaukar bijimi. Labari ne na baka, amma abin da yake koyarwa likitoci sun tabbatar da shi. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, wani likitan sojan Amurka mai suna Thomas DeLorme ya riƙa jinyar sojojin da suka ji rauni, da yawa a gwiwa, ta hanyar sa su ɗaga nauyi ana ƙara musu kaɗan-kaɗan, ya wallafa sakamakon a 1945. A 1948 shi da abokin aikinsa Arthur Watkins suka daidaita tsarin zuwa zagaye uku na ɗagawa goma-goma, wanda har yau shi ake fara koya wa sabon shiga. Tsoka tana ƙaruwa ne idan aka nemi ta yi abin da ya ɗan fi na jiya. Ranar da nauyi ya daina ƙaruwa, ita ma ta tsaya. Saboda haka kayan ƙarfi na gari shi ne wanda zai girma tare da kai kamar maraƙin nan, kuma girman ya zama a hankali.

Auna babbar na'urar nan mai igiyoyi da wannan ma'auni. Tubalan ƙarfenta yawanci suna tsalle ne da kilo huɗu ko biyar, wasu ma fiye. Ga ƙafafunka wannan ba komai, amma ka ɗauka uwargida tana tura kilo goma sama da kafaɗa, mataki na gaba ya zama goma sha biyar: an ƙara mata rabin nauyin a tashi ɗaya. Kwalejin Likitancin Wasanni ta Amurka tana ba da shawarar a ƙara kashi 2 zuwa 10 cikin ɗari ne kawai, bayan mutum ya iya wuce adadin da ya sa wa kansa da ɗagawa ɗaya ko biyu. Wadda aka ce ta tsallaka rabi za ta kasa, ta zaci ita ce ba ta da ƙarfi, ta daina. Sannan na'urar an ƙera ta ne da awon mutum matsakaici. Dogo da gajeruwa ba za su samu mariƙi a daidai kafaɗarsu su duka biyun ba, kuma ƙarfen yana bin hanya guda da aka zana masa, dole gaɓarka ta bi shi ko ta so ko ba ta so. Na manyan gidajen motsa jiki suna da wuraren daidaitawa da yawa, amma na gida masu sauƙin kuɗi ba su da su. Ƙafafu, waɗanda su ne suka fi buƙatar aiki a jikinka, su ne na'urar ta fi gazawa a kansu. Ga igiyoyi da ƙafafun juyawa da ke cinyewa. Na taɓa zuwa gidan wani bawan Allah da nake horarwa, na tarar da irin wannan na'ura ta cinye kusan rabin ɗaki, robar da ke lulluɓe da igiyar ta tsage, siraran wayoyin ciki sun fito tsitsi-tsitsi kamar gashin tsintsiya. Wata takwas yana neman igiyar da ta yi daidai da tsawonta bai samu ba, kuma ba mai sayen na'urar a haka. Da dambel biyu muka ci gaba da aiki a ɗan filin da ya rage a gefenta.

Dambel ba shi da wannan matsalar. Kowane hannu yana ɗaukar nasa, don haka hannu mai ƙarfi ba ya rufa wa raunanan asiri, kuma gaɓa tana bin hanyar da ta ga ta yi mata daɗi. Jikin ɗan Adam ayyukansa na ƙarfi ba su da yawa: ya tsuguna ya tashi, ya sunkuya daga ƙugu ya ɗauko abu daga ƙasa, ya tura gaba, ya tura sama, ya jawo abu zuwa jikinsa, ya ɗauki kaya ya yi tafiya da shi. Dambel biyu da benci sun ishe ka yin waɗannan duka. Ga gwiwar nan, za ka fara da zama a kan benci da tashi kana rungume da dambel ɗaya a ƙirji, iya zurfin da ba ya ciwo, kana ƙara zurfi da nauyi mako bayan mako.

Dambel masu canza nauyi iri biyu ne. Akwai na gargajiya, gajeren sandan ƙarfe da ake zura wa faya-fayai a ɗaure da noti. Ba ya lalacewa, ana iya ƙara masa faya-fayai har abada, aibinsa kawai ɓata lokaci wajen kwancewa da ɗaurewa, kuma dole a duba notin kafin kowane zagaye, musamman idan za a ɗaga sama da fuska. Akwai kuma na zamani mai maɓallin juyawa, wanda a daƙiƙa biyu yake sauya nauyi. Ga gidan da mutum biyu za su riƙa karɓa-karɓa wannan ya fi daɗi, amma cikinsa akwai ƙananan haƙora, wasu na roba, kuma ba ya jure a yar da shi ƙasa. In ka zaɓe shi, ka ɗaga shi a wurin saye ka girgiza, ka ji ko faya-fayan suna kwaramniya fiye da kima, ka tambayi tsawon garanti da samuwar kayan gyara. Kowanne ka ɗauka, ka tabbata yana farawa daga kilo biyu ko uku, yana ƙaruwa da kilo ɗaya ko biyu a ƙananan nauyi, kuma yana kaiwa aƙalla kilo 20 zuwa 24 a kowane hannu. Yau wannan zai yi maka kama da yawa. Cikin shekara guda na aiki tsakani da Allah, ƙafafunka da bayanka za su nemi abin da ya kai haka.

Benci kuwa nan ne araha ba ta ado, domin kai da ƙarfen duka a kansa kuke. Duba iyakar nauyin da yake ɗauka, ka tuna lissafin ya haɗa da jikinka. Kwanta a kai, tafin ƙafafunka su taɓa ƙasa sosai, ka motsa hagu da dama. In ya yi rawa, bar shi. Wanda majinginarsa ke ɗagawa ya fi amfani, amma shimfiɗaɗɗe mai ƙwari ya fi mai ɗagawa da ke girgiɗi.

Igiyoyin roba na ja ƙaramin abu ne mai babban amfani, musamman wajen aikin baya da kafaɗa da ɗumama jiki. Ƙarfinsu yana ƙaruwa ne gwargwadon yadda aka miƙe su. Zafi da hasken rana suna cinye su, don haka a ajiye su a inuwa, a riƙa duba su, duk wadda ta fara tsagewa a yar, domin in ta tsinke ido take nema. Wanda fatarsa ba ta shiri da danƙon roba ya nemi na yadi. Sandan jan jiki sama yana da kyau idan an kafe shi a bango mai ƙwari da manyan kusoshi. Wanda ake maƙalawa a bakin ƙofa da matsi kawai ban yarda da shi ga mai nauyi ba. Ƙarfen nan mai mariƙi a sama da ake kira ketilbel, wanda asalinsa daga Rasha ne kuma ake auna shi da ma'auninsu na fud, wajen kilo 16, abu ne mai kyau amma lilo da shi sai an koya daga wanda ya iya. Ba ya cikin sayayyar farko.

Dogon sandan ƙarfe da faya-fayansa shi ne sarkin kayan ƙarfi, kuma wataƙila wata rana ka kai gare shi. In ranar ta zo, ka san cewa sandan gasa na maza kilo 20 ne, tsawonsa mita 2.2, na mata kuma kilo 15, tsawonsa ya ɗan haura mita biyu, kuma bakin da ake zura faya-fayai kaurinsa milimita 50 ne. Akwai wasu sanduna masu sirirın baki, wajen milimita 25, kuma faifan wannan ba ya shiga wancan. Mutane da yawa sun sayi sanda a wuri ɗaya, faya-fayai a wani wuri, sai a gida suka gane ba su dace ba. A ɗakinka sandan zai zauna ne ta tsawon mita uku da rabin nan, don a samu wurin tsayawa a zura faifai ta kowane gefe, kuma ka miƙa hannu sama ka ga ko rufin zai bari a ɗaga shi bisa kai. Amma kada sandan nan ya shigo gidanka sai tare da kejin ƙarfe mai sandunan tsaro a gefe biyu. Na taɓa ɗauke ƙarfe daga ƙirjin wani saurayi da ya kwanta a benci ya ce zai ƙara ɗaya. Hannuwansa suka mutu a tsakiyar hanya, sandan ya sauko yana gangarawa wajen wuyansa, fuskarsa ta yi jawur, ko ihu bai iya yi ba sai buga ƙafa a ƙasa. Ina taku uku daga gare shi, shi ya sa ya tashi. A gida, ƙofa a rufe, iyali suna wani ɗaki, babu mai taku ukun nan, kuma an yi asarar rayuka ta wannan hanya. Mai dambel in ya gaza sai ya sake su gefe. Wannan kaɗai ya isa dalilin da nake sa sabon shiga ya fara da su.

Tunda ka ambaci tumbi, na san tallace-tallacen da za su biyo ka a waya: ɗamarar da ke sa gumi, ɗamarar da ke tsikarar ciki da lantarki, faifan murɗa ƙugu, da ƙananan na'urorin naɗe ciki. Kada ko ɗaya ya ci kuɗinka. Jiki ba ya ƙona kitsen wurin da aka motsa shi kaɗai. Daga ko'ina yake ɗiba, kuma ba kai ke zaɓa masa ba. An yi gwaji da aka wallafa a 2011 inda mutane suka yi atisayen ciki kwana biyar a mako har mako shida: tsokar cikinsu ta ƙara juriya, kitsen cikin kuwa bai ragu ba. Ɗamarar gumi ruwa take fitarwa, kana sha ya dawo. Hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ma ta kai masu sayar da ɗamarar lantarki guda uku kotu a 2002 saboda alkawuran ƙarya na rage tumbi. Tumbi yana sauka ne idan abin da jiki ke ƙonawa ya ɗan fi abin da ke shiga, tsawon watanni, kuma rabon da abinci ke da shi a wannan lissafi ya fi na kowane inji. Lambar ƙona kuzari da keke zai nuna maka ma ƙiyasi ce, kada ka ci abinci da ita.

A ƙasa ka shimfiɗa roba mai kauri, wajen santimita ɗaya da rabi zuwa biyu inda ake ajiye ƙarfe, don ta kare daɓe, ta rage ƙara, ta hana santsi. Soso mai laushi bai dace ba, ƙafa tana nutsewa a ciki. Ɗakin ya samu iska, taga a buɗe ko fanka, domin keke a rufaffen ɗaki yana haɗa gumi fiye da yadda ake zato, kuma ɗakin da ke da zafi ba a son komawa cikinsa. A goge gumi daga ƙarfe bayan an gama, gishirinsa ke kawo tsatsa. In za ka sayi na hannu, ƙarfe zalla kamar faya-fayai da dambel na noti ba sa tsufa, tsatsar sama ana goge ta. Abin da ke da inji ko lantarki ko igiya kuwa sai ka hau shi minti goma a gaban mai shi, kana saurare kana sansana. Ƙarar gurnani ko ƙaurin waya alama ce ta ka haƙura.

Ba sai ka kwaso komai rana ɗaya ba. Ka fara da roba a ƙasa da dambel da igiyoyin ja, ka haɗa da tafiyar ƙafa, ka yi mako huɗu kana shiga ɗakin kwana biyu ko uku a mako, a lokaci guda da ka tsayar. Makonnin nan za su gaya maka abin da ba mai sayarwa da zai gaya maka: ko da asuba jikinka ya fi so ko da yamma, wane motsi gwiwar ta karɓa, ko uwargida keke take so ko wani abu daban. Daga nan sai benci da keke su shigo. Sauran kuɗin ka riƙe, ka biya ƙwararren mai horarwa ko likitan gashin ƙashi ya zo sau biyu ko uku ya ga yadda kuke tsugunawa da sunkuyawa, ya gyara muku tun ba ku saba da kuskure ba.

Ka ajiye ƙaramin littafi a ɗakin, kowa da shafinsa, kuna rubuta rana da nauyi da adadin ɗagawa, kai kuma ka ƙara da awon jininka sau ɗaya ko biyu a mako. Ka fara da nauyin da za ka iya ɗagawa sau takwas da kyau kana jin da saura biyu ko uku a jikinka; ranar da ka kai goma sha biyu a dukkan zagaye ba tare da jiki ya karkace ba, ka ƙara mataki mafi ƙanƙanta ka koma takwas. Ƙofar ɗakin kuma a sa mata makulli a sama inda hannun yara ba ya kaiwa, dambel su zauna a ƙasa ba a kan benci ba, don ko keke fedarsa tana kama yatsa. Bayan mako takwas ka sake rubuto mini abin da littafin ya nuna da abin da likita ya ce game da gwiwar, sai mu duba ko lokacin injin tuƙi ko dogon sanda ya yi. A gaida uwargida da yara.